Karatun Ƙetare: Fatauci Ne Ko Ƙaura?

Gabatarwa

A duk lokacin da jarrabawar ƙarshe ta ƙarato a wannan jami'a tamu, idan mutum ya kasa kunne a ƙofar laburare ko a dakalin ɗakunan kwanan ɗalibai, zancen da zai fi ji bai wuce na fasfo da biza da farashin dala ba. Maƙwabtanmu Yarbawa har sun raɗa wa abin suna, suna cewa "japa", watau a ranta a na kare. Ɗalibin da ya fi kowa hazaƙa a aji shi ne ya fi kowa ɗokin ficewa, malamin kuma da ya kamata ya rarrashe shi, sau da yawa shi ma takardunsa na cikin jaka yana jiran amsa. Su kuwa hukumomin jami'o'inmu, kusan kowace ta buɗe ofishin hulɗa da ƙasashen waje, ana ta sa hannu a kan yarjejeniyoyi, ana ɗaukar hotuna, ana kiran abin da suna musayar ilmi.

Abin da nake so in faɗa a wannan ɗan rubutu shi ne, wannan suna bai dace da abin da ake yi ba. Musaya a wurin Bahaushe ita ce ban gishiri in ba ka manda. Idan kuwa kullum kai ne mai miƙa gishiri, ba ka taɓa ganin manda ba, to sai ka nemo wa cinikin wani suna. Muna kwasar 'ya'yanmu mafiya ƙwazo da kuɗinmu muna kai wa wasu, babu mai zuwa wurinmu, waɗanda suka tafi kuma da yawansu ba su waiwayo. Ba ni da jayayya da tafiya neman ilmi, jayayyata tana kan irin tafiyar da muke yi a yau da kuma masu ɗaure mata gindi.

Yadda Magabata Suka Yi

Bahaushe ya bambanta falke da mai ƙaura. Falke yakan tashi daga Kano da kanwa da tufafin rini da fatu, ya bi madugu wata da watanni har Gwanja, ya sayar, ya yi lodin goro ya juyo gida. Da kaya ya tafi, da kaya ya dawo, garin da ya bari da garin da ya je duk sun amfana. Mai ƙaura kuwa ya tattara nasa ya nasa ke nan, sai dai labari.

Neman ilmin magabatanmu irin na fatake ne. Tun a ƙarni na 13 masarautar Kanem ta kafa makaranta da masauki a birnin Alƙahira domin ɗalibanta da mahajjatanta, kuma a Azhar an san rukunin ɗaliban Barno da sunansa. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, ya je aikin hajji ya zauna a Alƙahira, amma a matsayin malami ya zauna, ya yi rubutu a kan ilmin wafaƙi da hisabi, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ya komo da abin da ya samo ya shuka shi a ƙasar Hausa. Hanyar kuma ba ta zuwa kaɗai ba ce, domin a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa Shaihu al-Maghili ya baro Arewacin Afirka ya sauka a Kano, kamar yadda Wangarawa suka riga shi zuwa daga Mali.

Da boko ya zo ma ba a sauya zane nan da nan ba. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jarida na Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta wa Hausawa abin da ya gano a littafin da ya sa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Cibiyar Ilmi ta Jami'ar London a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, dukkansu kuma suka dawo bakin allo kafin siyasa ta ɗauke su. Malam Aminu da dawowarsa ya duƙufa wajen kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Malam Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakht er Ruda ta Sudan a shekarun 1950, ya dawo ya yi alƙalanci da koyarwa, har ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. A namu fagen, M.K.M. Galadanci ya yi digirinsa na uku a London a 1969 a kan nahawun Hausa, Ɗandatti Abdulƙadir kuma ya yi nasa a Indiyana ta Amurka a 1975 a kan Mamman Shata. Sun dawo sun gina sassan Hausa da muke shan inuwarsu a yau.

Su ma jami'o'inmu na farko da hulɗar waje aka reno su. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, digirin Jami'ar London take bayarwa har zuwa 1962 da ta tsaya da ƙafafunta. Jami'ar Nsukka ta fara a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Mishigan. Manufar a wancan lokaci a bayyane take, watau a ari hannu a gina gida, in gida ya ginu a mayar da kayan aro. Gidan kuwa ya ginu, har ya zamana baƙi na tururuwar zuwa. Masanin tarihi Abdullahi Smith, mutumin Ingila, a Ibadan da Zariya ya ƙare aikinsa, shi ne kuma ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. 'Yan Kamaru sun zo karatu, haka nan matasan Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya sun sami gurabe a makarantunmu lokacin da suke gwagwarmaya da mulkin wariyar launin fata.

Inda Aka Saki Hanya

Ruwa ba ya tsami banza. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da farashin man fetur ya faɗi, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, aka karya darajar naira, sai albashin farfesa ya koma abin dariya, laburare ya daina samun sababbin littattafai da mujallu, kayan ɗakin gwaje-gwaje suka lalace babu na sauyi. Baƙin malamai suka kama gabansu, namu suka bi su, wasu Amurka da Turai, likitoci da yawa kuma Saudiyya. Daga nan aka shiga zamanin yajin aiki wanda har yau ba mu fita ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin wata 9 a 2020, ta sake yin na wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022. Digirin shekara 4 ya koma na shekara 5 ko 6. Uban da ke da hali ya dubi wannan, sai ya sayar da fili ya tura ɗansa inda kalandar karatu ba ta tsayawa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jami'o'in waje sun hango tsagar, sun kuwa shiga. A Ingila, tsakanin 2017 da 2024, doka ta ƙayyade wa ɗan ƙasa fam 9,250 a shekara a digirin farko, baƙo kuwa babu ƙayyadewa a kansa, yakan biya ninki biyu ko fiye. Da wannan rarar jami'o'insu ke cike giɓin kasafinsu. A 2021 Birtaniya ta buɗe ƙofar zama na shekara 2 domin aiki bayan kammala karatu, sai yawan ɗaliban Nijeriya a can ya tashi daga dubu 44 da ɗoriya a zangon 2021/22 zuwa sama da dubu 70 a zangon da ya biyo baya. Da siyasar cikin gidansu ta juya, a Janairun 2024 suka hana mafi yawan ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu. Suna buɗewa in suna da buƙata, su rufe in sun ƙoshi, babu wanda ya nemi shawararmu a ko ɗaya.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ake samu a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Iyayen da suka yi lissafin kuɗin makaranta da tsohon farashi suka wayi gari bashin ya ninka sau uku. A cikin 2024 wata jami'a a arewa maso gabashin Ingila ta dakatar da ɗaliban Nijeriya da suka gaza biya a kan lokaci, wasu har aka ba su takardar barin ƙasar. Kafin wannan, mun ga yadda dubban ɗalibanmu, da yawansu masu karatun likita, suka yi ta gudun ceton rai a Yukren a Fabrairun 2022, da kuma yadda aka kwaso wasu dubban daga Hartum a Afrilun 2023, suka yi kwanaki a kan iyakar Masar cikin rana da ƙishirwa. Yaƙi ƙaddara ce, amma a tambaya, me ya kai yaro ɗan Sakkwato ko ɗan Enugu Yukren neman karatun likita, in ba ƙarancin gurabe a gida ba?

Mafi muni shi ne yadda tambarin "na waje" ya zama haja mai zaman kanta ko da babu ilmi a ciki. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A Janairun 2024 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Binin da Togo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu sayarwa ba su da ciniki sai da masu saye, masu saye kuma sun san akwai ofisoshin da ke rawar jiki da takardar waje su wulaƙanta ta gida.

Da Kuɗin Wa Ake Tafiya?

Wanda ya tura ɗansa da guminsa, tsakaninsa da aljihunsa ne. Wanda aka tura da dukiyar jama'a kuwa, jama'a na da bakin magana. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya samo asali ne daga yarjejeniyar ASUU da gwamnati ta 1992, wadda ta haifar da dokar harajin ilmi ta 1993. Da wannan kuɗi aka riƙa tura malaman jami'o'i karo ilmi a waje bisa sharaɗin su dawo su koyar. A 2023 shugaban asusun ya shaida wa Majalisar Wakilai cewa mutum 137 daga cikin waɗanda aka tura sun ƙi dawowa. Daga farkon 2025 asusun ya dakatar da tura sababbin malamai ƙetare, yana mai kafa hujja da tsadar kuɗin musaya da kuma gudun da ake yi. Haka nan a 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da soke shirin guraben karatu na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, bayan ɗaliban da ke Rasha da Maroko da wasu ƙasashe sun daɗe suna kukan rashin biyan alawus ɗinsu.

Mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Malamin da ya ci kuɗin ya ƙi dawowa ya ci amanar ɗaliban da ya bari babu mai koyar da su, kowane irin uzuri zai kawo. Gwamnatin da ta kai yaro ƙasar da ake zuba ƙanƙara ta bar shi babu kuɗin haya, ita ma ta ci amana. Maganin da aka kawo kuma, watau rufe ƙofar baki ɗaya, ya yi kama da mai ciwon kai da ya yanke shawarar rabuwa da kan. Akwai fannonin da har yanzu ba mu da kayan aikinsu, dole sai an je an gano.

Gwamnatocin jihohi ma suna da nasu kason. Mun sha ganin ana tara ɗalibai a gidan gwamnati ana raba musu tikitin jirgi a gaban 'yan jarida, alhali jami'ar jihar ba ta da ruwan sha, malamanta na bin bashin albashi. Tura ɗari waje ya fi saurin shiga labarai a kan gyara ɗakin gwaje-gwajen da dubu goma za su amfana da shi shekara da shekaru. Idan gwamnati ta sauya, magajin yakan ce bai san zancen ba, a bar yara da bashin makaranta a ƙasar da ba su da kowa. Uwa uba, masu yanke hukunci a kan kasafin jami'o'inmu da yawansu 'ya'yansu ba su ciki. Wanda ba ya shan ruwan rijiya, ina ruwansa da yasarta?

Amsa Ga Masu Musu

Za a ce mini, kana so yaro ya zauna ya ruɓe a gida saboda kishin ƙasa? A'a. Ba na zargin ɗalibin da ya nemi mafita, domin ba shi ya rufe jami'a wata 8 ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ni kuwa da makashin nake.

Za a kuma ce, ai waɗanda suka zauna a can suna aiko da kuɗi gida. Gaskiya ne, kuma kuɗin na rufa asirin gidaje da yawa. Sai dai kuɗin da likita ya aiko wa mahaifiyarsa ba zai duba majinyatan asibitin da ya bari ba, na malami kuma ba zai duba kundin ɗalibin digiri na uku ba. Talakan da aka horar da likitan da harajinsa ba ya cikin masu karɓar aiken.

Wasu kuma za su ce ilmi ba shi da iyaka, duniya ta zama ɗaya. To, a dubi yadda masu wannan magana suka tsara nasu. Shirin Erasmus da ƙasashen Turai suka fara a 1987, ɗalibi yakan bar jami'arsa ya yi zango ɗaya ko biyu a wata ƙasa, a lissafa masa darussan da ya ci, ya dawo ya karɓi digirin jami'arsa ta asali, wani kuma daga can ya zo ya zauna a kujerarsa. Wannan shi ne fatauci. A duba yarjejeniyoyin da jami'o'inmu ke alfahari da su, a ƙirga ɗalibai nawa suka zo mana daga can, za a ga inda gizo ke saƙa.

Muna Da Abin Sayarwa

Babbar cutar da wannan hali ya sa mana ita ce zaton ba mu da komai da wani zai zo nema. Mu ɗaliban Hausa mun fi kowa sanin ƙarya ce. An daɗe ana nazarin Hausa a London da Hambug da Waso da Bejin da jami'o'in Amurka irin su Wiskonsin da Indiyana. BBC ta buɗe sashen Hausa tun 1957, Muryar Jamus da Rediyon Sin suka biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Paul Newman, wanda ya wallafa babban littafin nahawun Hausa a shekarar 2000, a Kano ya zauna a shekarun 1970 yana shugabantar Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya. Duk wani baƙo da ya yi suna a nazarin Hausa sai da ya zo ya durƙusa a gaban masu harshen. Abin takaici, yawancinsu da ƙoƙarin kansu suka zo, ba mu tanadi wani tsayayyen shiri da zai riƙa kawo ɗalibansu kowace shekara su biya su koya ba. Abin da ya shafi Hausa ya shafi Yarbanci da Ibo da Fulfulde, da tarihin Afirka, da rubuce-rubucen ajami, da cututtuka da noman ƙasashe masu zafi.

Mun ma taɓa gwada gina namu. Da kuɗin musaya ya gagara, aka kasa tura ɗaliban Faransanci da Larabci shekarar baƙunta a waje, sai aka kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri a 1991, da Ƙauyen Larabci a Ngala ta Barno a 1992, sa'an nan Cibiyar Harsunan Nijeriya a Aba a 1993. Tilas ce ta haifi dabarar, amma dabara ce mai kyau. Da an riƙe su da gaske, da yanzu maƙwabta ne ke turo mana ɗalibai. Na Ngala ma rikicin Boko Haram ya tilasta masa ƙaura zuwa Maiduguri.

Kammalawa

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina kira ga majalisun jami'o'inmu da kada su ƙara amincewa da wata yarjejeniyar musaya sai an rubuta a cikinta adadin masu zuwa kamar yadda aka rubuta na masu tafiya, a kuma riƙa karanta sakamakon a bainar jama'a kowace shekara. Wanda za a tura da kuɗin jama'a, a tura shi a fannin da babu a gida, ya yi rajista a nan, ya je can zango ɗaya ko biyu ya yi amfani da kayan aikinsu ya dawo. A biya shi haƙƙinsa a kan kari, in ya ƙi dawowa a karɓi kuɗin daga hannun masu tsaya masa. In ya dawo kuma ya tarar da abin aiki, domin babu amfanin horar da maƙeri a kawo shi inda babu zuga-zugi.

Mu kuma a wannan sashe, da muke nazarin Hausa a inda ba ita ce harshen gida ba, sai mu fara da abin da ke hannunmu. Abokan karatunmu da suka koyi Hausa a aji suna da haƙƙin yin zango cikakke a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Katsina, ɗaliban can kuma su zo nan su ga yadda Hausa ke rayuwa a Sabo da zango. Idan ƙetare ake so, ga Maraɗi ga Damagaram, kowace da jami'arta, a ƙasar da ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, tafiyar kuma ba ta buƙatar jirgin sama.

Kai kuma ɗan'uwa da ke riƙe da takardar gurbin karatu a waje, Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da abin da aka je nema. Ka dai tafi da kanwarka, kada ka yarda a ce maka hannu wofi ka zo, ka kuma tuna ana jiran goro a gida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu dace, amin.